Kotu sabuwa, bashin shekara 30: wai wa ke biya ne a Amurka?

Baban Amira (Texas): Assalamu alaikum 'yan gida. Wlh yau takardar harajin gida ta iso, na buɗe sai da na nemi wuri na zauna. Tun da na sayi gidan nan ban taɓa tsayawa na bi lissafin dalla-dalla ba sai yau, sai na ga ashe kason da kawunti ke karɓa kashi biyu ne, ɗaya na gudanar da aiki, albashi da mai da su gyaran titi, ɗayan kuma na biyan bashi ne zalla. Na tambayi maƙwabcina wani dattijon bature bashin me kuma, ya ce na gidan yari ne da tituna da aka ci tun kafin na zo unguwar, kuma wai yanzu ma shirin ciyo wani suke don a gina sabuwar kotu. To ni dai abin ya ɗaure min kai, ƙasar da ake cewa ta fi kowa kuɗi a ce ƙaramar hukuma sai ta ci bashi kafin ta gina kotu? Kuma a wajen wa suke ci? Anti Akanta don Allah ki fito.

Auta: Wa'alaikumus salam. Yaya ka sayi gida a Amurka kana kuka, mu da muke haya a Kurna mu ce me hhh

Baban Amira (Texas): Auta kai dai bari. Nan Texas ba a cire mana harajin albashi na jiha, shi ya sa suke fanshewa a kan gida. Takarda ta zo a Oktoba, kafin 31 ga Janairu ka biya ko tara ta hau.

Anti Akanta (Maryland): Wa'alaikumus salam Baban Amira, ya su Amira da mamanta. Yanzu na tashi daga aiki. Bari na fara da gyara maka abu ɗaya, kuɗin Washington daban, na kawunti daban. Kotun tarayya gwamnatin tarayya ke ginawa, amma kotun da ake kai rigimar saki da gado da filaye da yawancin laifuka, a jihohi da yawa kawunti ce ke da alhakin samar da ginin, kuma kawunti sun haura 3,000 a ƙasar, wasu ma mutanensu ba su kai na unguwa ɗaya a Kano ba. Ginin dala miliyan 100 ba ya fitowa daga kasafin shekara guda. To ba banki suke zuwa su durƙusa ba, takardun lamuni suke bugawa su sayar a kasuwa, galibi kowace dala 5,000, duk wanda ya saya ya ba kawunti rance kenan, ana biyansa kuɗin ruwa sau biyu a shekara, uwar kuɗin kuma a hankali cikin shekara 20 zuwa 30. Masu saya su ne kamfanonin inshora, bankuna, asusun zuba jari, da masu hali 'yan fansho. Abin da ke jawo su shi ne gwamnatin tarayya ba ta cire haraji a kan ruwan da suka samu, shi ya sa suke yarda da ruwa kaɗan, kawunti kuma ta samu bashi mai araha. Kasuwar nan ta jihohi da ƙananan hukumomi ta kai wajen dala tiriliyan 4, ba ƙaramar harka ba ce.

Auta: Anti tiriliyan 4 na dala?? Ni ko a naira ban san sifili nawa ba ne

Anti Akanta (Maryland): Auta ka yi shiru manya na magana. Baban Amira ga misali, lissafi ne kawai na kaina ba na wata kawunti ba. A ce an ci miliyan 100 a kan ruwa kashi 4 cikin ɗari na shekara 30, duk shekara za a biya kusan miliyan 5.8, in an gama an biya kusan miliyan 173 kenan. In duka gidaje da shaguna da filayen kawuntin an yi musu ƙimar biliyan 50, to ana buƙatar sama da senti ɗaya kaɗan a kan kowace dala 100, mai gidan dala 300,000 zai riƙa biyan kamar dala 35 a shekara. Ka ga shi kaɗai ba wani abu ba ne, matsalar ita ce na makaranta ya zo, na asibiti ya zo, na birni ya zo, kowa da 'yar dala 35 ɗinsa, su ne suka taru suka sa ka nemi wurin zama.

Baban Amira (Texas): Allah ya saka da alheri Anti. To amma haka kawai za su zauna su biyar a ofis su ɗora mana? Don na ji ance kwamishinoni huɗu ne da shugabansu.

Anti Akanta (Maryland): To nan ne rigimar take. Babban nau'in bashin shi ne wanda kawunti ke jinginar da ikonta na karɓar haraji gaba ɗaya, wato ta yi alkawarin ko me ya faru za ta ƙara harajin gida ta biya. Shi ya fi araha, amma a jihohi da yawa sai an kai wa jama'a sun kaɗa ƙuri'a. A California ma sai kashi biyu cikin uku sun yarda, makarantu ne kawai aka sassauta wa zuwa kashi 55 tun 2000, kuma a 2024 an nemi a sassauta wa sauran ayyuka masu zaɓe suka ƙi. Kuma gsky kotu ba ta da farin jini a akwatin zaɓe, makaranta kowa na da yaro, titi kowa na bi, amma kotu mutum sai ya ce ni da ban taɓa sata ba me ya haɗa ni da ita. Shi ya sa suke da ƙofar baya. A nan Texas taku akwai wani satifiket na bashi da kwamishinoni za su iya fitarwa ba tare da zaɓe ba, sanarwa kawai za su buga, sai dai in kashi 5 cikin ɗari na masu rajistar zaɓe sun sa hannu sun ce ba su yarda ba, sannan dole a je akwati.

Injiniya Bash (Austin): Anti ai ba sai an je nesa ba, a gabanmu aka yi a kawuntin Travis, nan Austin. Tsohuwar kotun tun wajen 1931 aka gina ta, gari ya ninka ya sake ninkawa ita tana nan yadda take. Nuwamban 2015 aka kawo wa mutane bashin dala miliyan 287 don sabuwar kotun ƙararrakin farar hula da na iyali, aka kayar da shi da 'yar tazara kaɗan. Dokar jihar ta ce abin da masu zaɓe suka ƙi ba za a bi ta satifiket a yi shi ba sai bayan shekara uku. Shekara uku na wucewa, a 2019, suka canza fili suka fitar da satifiket na sama da miliyan 300, ba zaɓe ba komai, yanzu gini na nan tsaye a titin Guadalupe ana shari'a a ciki.

Baban Amira (Texas): Kai jama'a! To meye amfanin tambayar tun farko? Ka tambaye ni na ce a'a, ka jira na manta, ka je ka yi abinka har da ƙari. Wannan ai rainin hankali ne.

Injiniya Bash (Austin): Ni fa ban ga laifinsu sosai ba Baban Amira. Zaɓen irin wannan na shekarar da ba a zaɓen shugaban ƙasa, mutane ƙalilan ke fitowa, yawanci tsofaffin masu gida da ba sa son ko senti ya ƙaru. Ita matar da ta gudo daga mijin da ke dukanta ta zo neman takardar kariya, a tsohon gini sai ta zauna a baranda ɗaya da shi suna jiran a kira su, ita wa ya tambaye ta? Kuma jinkiri ba kyauta ba ne, a harkarmu ta gini duk shekarar da ka ƙara rodi da siminti da lada sun tashi. Da an yarda tun 2015 da tuni an wuce wajen.

Baban Amira (Texas): Injiniya kai ɗan kwangila ne dole ka ce haka. In mutane ba su fito ba aikin kwamishina ne ya bi su ya gamsar da su ya sake kawowa, ba ya zagaya ta bayan gida ba. In hujjarsu mai ƙarfi ce me suke tsoro?

Direban Miami: Salam. Ina kan hanya ne amma sai da na faka don wannan hhh. Namu ya fi naku. Tsohuwar kotun Miami-Dade da ke titin Flagler tun 1928 take, doguwa ce mai tsini a sama, duk wanda ya zo garin ya santa. 2014 aka nemi mutane su amince da miliyan 393, suka yi watsi da shi ba ma kusa ba. Sai kawunti ta ce to shikenan ba za mu ci bashi ba, a ƙarshen 2019 suka ƙulla da wani kamfani, Plenary, shi zai nemo kuɗi ya gina ya riƙa kula da ginin, kawunti kuma ta riƙa biyansa duk shekara har shekara 30. To don Allah wannan ba bashi ba ne aka sa masa hula? Sannan a 2021 bayan benen Surfside ya rufta mutum 98 suka mutu, aka bi tsofaffin gine-gine ana dubawa, sai ga shi an rufe tsohuwar kotun na wani lokaci don gyara. Nan kuma waɗanda suka ƙi a 2014 suka yi tsit.

Anti Akanta (Maryland): Direba ka faɗi gsky, bashi ne da hula. Mu ma a Howard nan Maryland haka aka yi, aka buɗe sabuwar kotu a 2021. Akwai kuma wata dabarar, a kafa wata hukuma ta musamman a takarda, ita ta ci bashin ta gina, kawunti ta karɓi haya a wajenta, kuɗin hayar shi ke biyan masu takardun lamuni, ranar da aka gama gini ya dawo hannun kawunti. A doka sai a ce ai haya ce ba bashi ba, majalisa na iya ƙin sa kuɗin a kasafin baɗi. Amma wa zai ƙi? Ranar da ka ƙi, kamfanonin da ke auna amincin mai cin bashi, su Moody's da S&P da Fitch, za su zaftare maka maki, gobe ko motar kashe gobara ka zo saye da bashi sai ka ji a jikinka. Kuma saboda wannan 'yar ƙofar da aka bari ruwansa ya fi na wancan tsada. Wato don a guje wa ƙuri'arka Baban Amira, kai ɗin ne dai za ka biya ƙarin.

Malam Na Zariya: Assalamu alaikum. Ina ta bibiya. Ni abin da ya tsaya min shi ne duk wannan lissafi a kan riba yake tafiya, miliyan 100 ta koma 173. Musulmin da ke can, harajin dole ne a kansa babu yadda zai yi, amma sayen takardun da kansa don ya ci ruwa wannan kam a kiyaye. Sai dai Hajiya wannan na hayar da kika kawo ya ja hankalina, don siffarsa ta yi kusa da sukuk na ijara, inda masu kuɗi ke mallakar kadara a biya su haya. Bambancin sai an duba ko da gaske sun mallaka, in gini ya rushe asarar ta wa ce.

Anti Akanta (Maryland): Allah ya gafarta Malam, a siffa sun yi kama, amma su nan a takardar ƙarara suke rubuta wannan kason uwar kuɗi ne wannan kason ruwa ne, ba sa ɓoyewa. Hukuncin dai naku ne malamai.

Barista Ɗan Kurmi: Malam ai an gwada a gida. Osun ta fitar da sukuk na naira biliyan 11.4 a 2013 don gina makarantu, gwamnatin tarayya ta fara nata a 2017 da biliyan 100 na tituna, duk mai bin manyan hanyoyi ya ga allunan. Amma ku lura duk jiha ce ko tarayya, ba ƙaramar hukuma ba. Kuma mu a nan kotu ba ta ciyaman ba ce sam, majistare da kotun shari'a da babbar kotu duk na jiha ne. Rigimarmu ma ba ta kai ga wa zai ci bashi ba, muna kan a saki kuɗin ɓangaren shari'a kai tsaye ne kamar yadda sashe na 121(3) na tsarin mulki ya ce, a kan haka ƙungiyar ma'aikatan shari'a, JUSUN, ta garƙame kotuna daga Afrilu zuwa Yunin 2021, ina zaune a gida wata biyu ba ko sisi. Akwai kotun da na taɓa shiga da damina, gidan haya ne, muna cikin shari'a magatakarda ya tashi ya ja teburin fayil gefe saboda yoyo, alƙali ko ɗago kai bai yi ba don ya saba.

Auta: To Barista tunda Kotun Ƙoli ta ba ƙananan hukumomi 'yanci a 2024 sai ciyamomi su fara buga tasu takardar, ni zan sayi ta ɗari biyar

Kawu Tsohon Ma'aji: Auta ɗana, riƙe ɗari biyar ɗinka ka sayi ƙosai. Na yi shekaru ina riƙe da baitulmalin ƙaramar hukuma kafin na yi ritaya, bari na gaya muku abin da na fahimta daga bayanin Hajiya. Wanda ya ba kawunti rance ba ginin kotu yake kallo ba, don kotu ba kasuwa ba ce, ba ta kawo riba, kuma ba zai iya zuwa ya ƙwace ta ya sayar ba. Gidan Baban Amira yake kallo. Ya san an rubuta gidan a littafi, an san ƙimarsa, an san mai shi, kuma in bai biya ba doka za ta hau kansa. To mu fa? Tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma hurumin ƙimanta gidaje don haraji, amma je ka ce a nuna maka rajistar. Ƙananan hukumomi 774, mu a Kano 44, kusan duka ido na kan kason Abuja na ƙarshen wata, shi ma shekara da shekaru ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake biyowa. Hukuncin 11 ga Yulin 2024 ya ce a ba su kai tsaye, to ko an ba su, wa zai ba ka rancen shekara 30 alhali kai kanka ba ka da tabbacin kujerarka ta kai shekara uku? Ko jihohi da suke cin bashi a kasuwa sai sun sa hannu a riƙa cirewa daga kasonsu tun daga Abuja kafin ya iso, don masu kuɗin ba su yarda a bari ya shigo hannu ba tukuna.

Kuma abin da yara ba su sani ba, da can zamanin En'e kotun alƙali da gidan yari da 'yan doka duk a hannun En'e suke, daga baitulmalinta ake biyan alƙali, kuɗin kuwa haraji ne da jangali da dagatai da masu unguwanni ke tarawa. Wajen 1968 soja suka ɗauke kotunan suka mayar hannun jiha, sannan 1979 Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Ba na cewa a dawo da shi, na ga yadda ake shanya mutum a rana a kan kuɗin haraji ina yaro, talaka ya sha wuya ba kaɗan ba. Amma tun daga nan igiyar da ta haɗa aljihun mutumin gari da ginin hukuma ta tsinke, shi ya sa ba wanda zai buɗe takarda da safe ransa ya ɓaci kamar Baban Amira ya ce bashin me.

Baban Amira (Texas): Kawu ranka ya daɗe, wato ɓacin ran nawa ma gata ne kenan hhh

Ɗan Maraɗi: Kawu gaskiya ka hwaɗi. Mu nan ma gidan shari'a na gwamnatin ƙasa ne, magajin gari bai da hannu ciki. Ko Dakar da take babban birni, a 2015 lokacin Khalifa Sall ta shirya tsaf za ta saida takardun lamuni na sefa biliyan 20 don ta gina ma 'yan tireda kasuwa, ana gab da buɗewa gwamnatin ƙasar ta taka birki. Ga birni mai kuɗin shiga kenan, balle wata ƙaramar komin ta ƙauye.

Barista Ɗan Kurmi: Amma kar a ɗauka su can ba sa kwaɓawa. Anti ba ke kika taɓa ba mu labarin Detroit ba?

Anti Akanta (Maryland): Sosai ma. Kawuntin Wayne ta ci bashi ta fara sabon gidan yari a tsakiyar Detroit, 2013 aka tsayar da aiki saboda kuɗin ya zarce lissafi, kango ya yi shekaru a tsaye ana biyan ruwa a kan ginin da ko fursuna ɗaya bai taɓa kwana ciki ba, daga baya aka rushe shi. Jefferson ta Alabama kuma a 2011 ta shiga kotun fatara da bashin wajen biliyan 4, yawancinsa na magudanar ruwa, har da jami'an da aka ɗaure kan cin hanci. Ni wanda ya fi ci min rai ma shi ne na California, a 2008 suka yi dokar gina kotuna na har biliyan 5 da za a biya da ƙarin kuɗin shigar da ƙara da tarar da ake ci wa mutane. Ka ga nan ba mai gida ke biya ba, wanda aka kama da tikitin mota ne, irin su Direba.

Direban Miami: Anti ki daina kira min tikiti ina kan titi don Allah

Injiniya Bash (Austin): To kun gani, a cikin duka hanyoyin nan harajin gida ne ya fi adalci, mai babban gida ya biya da yawa. Kuma ginin da jikokinka za su shiga me ya sa kai kaɗai za ka biya a shekara ɗaya, gara a shimfiɗa shi kowa ya ɗauki nasa.

Baban Amira (Texas): Ban ƙi a shimfiɗa ba Injiniya, a tambaye ni kawai na ce, kuma in na ce a'a a ji. Sannan mai haya ma yana biya, mai gida a kan haya yake ɗorawa, Auta ka ji.

Auta: Mai gidanmu ko ba kotu ƙarawa yake

Anti Akanta (Maryland): Baban Amira abin yi ɗaya ne, ka shiga shafin EMMA, kyauta ne, ka rubuta sunan kawuntinku za ka ga takardun lamunin da suka sayar, nawa ne, ruwa nawa, yaushe za a gama. Sannan ka duba ajandar zaman kwamishinoni ka ga ta wace ƙofa za su bi da wannan kotun, zaɓe ne ko satifiket. In satifiket ne kwanakin tattara sa hannu ƙidayayyu ne daga ranar sanarwa, in ka yi barci sun wuce.

Baban Amira (Texas): Na duba yanzu, suna da zama a makon gobe kuma ana ba mutum 'yan mintuna ya yi magana in ya rubuta suna. Sai dai da safe ne lokacin ina wajen aiki, bari na ga ko oga zai ba ni rabin rana. Maƙwabcin nawa ya ce zai je, in ya so mu tafi a motarsa.

Kawu Tsohon Ma'aji: In ka je ka tambaye su jimlar da za a biya har da ruwa, kar ka yarda su tsaya a kuɗin gini kawai. An kira magariba a nan, sai anjima.